Ku Tambaya Mu Amsa: Ina son yi wa dabbobi aikin sa kai, a Damagaram ina zan dosa?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru wannan karon akwai uku da suka zo kan abu guda, wato dabbobi, shi ya sa na haɗa su waje ɗaya. Kamar kullum ba ma sa sunan kowa, unguwa kawai.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou, ina zaune a Garin Malam. Ina yawan ganin bidiyo a Facebook da TikTok na wasu gidaje a ƙasashen waje inda ake tara karnuka da kyanwoyi marasa galihu, matasa na zuwa suna musu hidima kyauta, wallahi abin ya shiga raina sosai dan ni tun ina ƙarami ba na iya ganin ana dukan dabba. Na bincika nan garin ban ga irin gidan ba, to akwai wani kango namu na gado da ba kowa ciki, ina tunanin in share shi in fara tara su in an yi bakans. Abokaina sai dariya suke min wai mutane ba su ƙoshi ba ni ina ta kare. Dan Allah Kawu ka ba ni shawara.

AMSA: Ƙanena, Allah ya yi maka albarka. Maganar abokanka kar ta dame ka, ai tausayi ba ya ƙarewa dan an ba dabba. Kai ma ka san hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ciko huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai lasar ƙasa dan ƙishi, Allah ya gafarta masa, da na matar da ta shiga wuta sabida kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nemi na kanta ba. Duk suna cikin Buhari da Muslim. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. To wannan ɓangaren an gama.

Amma maganar kango, gaskiya ban goyi baya ba, kuma bari in gaya maka dalili. Gidajen nan da kake gani a waya ba mutum guda ke riƙe da su ba. Na Battersea da ke Landan tun 1860 aka kafa shi, akwai likitoci, akwai ma'aikata masu albashi, akwai jama'a masu ba da kuɗi duk wata, kuma ƴan sa kai ɗin yawancin aikinsu kwasar kashi ne da wankin kwano da wankin ɗaki, wasan da ake nuna maka a bidiyo ɗan kaɗan ne cikin yini. Kai kuma ranar da unguwa ta ji cewa ɗan wane yana tara karnuka, da safe za ka tashi ka tarar da ƴan kwikwiyo cikin kwali a bakin ƙofa, wata guda ba za a yi ba sun fi ƙarfinka. Me za su ci? Ruwan da za ka wanke wurin kullum a ina za ka same shi, a garin nan da ko na sha sai an bi layi in zafi ya yi? Ga shi in ka haɗa dabbobin da ba a yi wa rigakafi ba waje guda, ɗaya mai zawo ko ƙazuwa ya ishi sauran. Sannan ka yi tunanin ranar da ɗaya zai tsallake katanga ya ciji yaron maƙwabta, kai za a kai gaban mai unguwa, kuma bakans na ƙarewa ka koma karatu ka bar su wa wa?

Ni a ganina dabbar da ta fi kowace shan wuya a Damagaram tana da mai ita, kuma kullum tana wucewa ta gabanka. Jaki nake nufi. Gobe da hantsi ka je ka tsaya a kowane fanfo da masu amalanke ke bin layi, kar ka ce komai, ka duba kawai. Ka duba ƙirjin jakin inda igiya ko tsohuwar taya ke gogarsa, ka duba gadon baya inda nauyin amalanken ke sauka, ka ɗaga ido ka ga gindin wutsiya. Za ka ga wuri ya saɓule ya yi ja, ƙuda sun yi baƙi a kai, wani an shafa masa baƙin man mota ya haɗu da ƙura ya yi ɓawo, ƙarƙashin ɓawon kuwa ruwa ne ke tsatsowa. An jera masa bidon-bidon na lita 25 har ba wurin sa ƙafa, shi da ya ja ruwan tun asuba wataƙila ko maƙogwaronsa bai jiƙa ba. Kuma halin jaki ne ba ya nuna ciwo, sai dai ka ga ya sunkuyar da kai, kunnuwa sun faɗi, ya daina cin abinci, sai a ce taurin kai ne a ƙara masa sanda, alhali lokacin ciwon ya riga ya yi nisa.

To nan aikinka yake. Amma kar ka fara da fanfo, ka fara da ma'aikatar kiwo, wadda muke ce wa elbaj. Ka je ka gaida su, ka ce kai ɗalibi ne kana son ka taimaka kyauta kuma ka koya. Ko ka nemi likitan dabbobi mai zaman kansa, irin na tsarin SVPP da ke aiki da mataimaka a ƙauyuka. Duk shekara ana fita kamfen ɗin rigakafin shanu da awaki da tumaki da raƙuma, aiki ne mai son hannu da yawa, mai riƙe dabba, mai rubuta lissafi, mai ɗaukar akwatin ƙanƙara. Da farko shara da riƙe igiya za a ba ka, ka karɓa da hannu biyu, a nan za ka koyi yadda ake tunkarar dabba ta gefen kafaɗa ana mata magana ba ta baya ba, da yadda ake gane wadda ta kai a kira likita.

In ka ɗan samu hannu sai ka koma fanfo. Nan kuma sai ka yi hankali da bakinka, dan mai amalanke ba mugu ba ne, talaka ne da abincin gidansa ke kan wannan jakin, kuma sau da yawa yaron da ke kora shi ma ba nasa ba ne, an ɗora masa kuɗin da zai kawo da yamma. In ka je da wa'azi da ɗaukar hoto da waya, wallahi rana guda za su kore ka kuma suna da gaskiya. Ka je da sallama, ka taya su ɗora bidon, ka tambayi yaushe ciwon ya fara. Abin da za ka riƙe ba shi da tsada: ruwan da aka tafasa ya huce, lita guda da gishiri ƙaramin cokali biyu, tsumma mai tsabta, sabulu, almakashi. A wanke ciwon safe da yamma, a bar baƙin mai da garin batir da toka, ba sa warkarwa sai ƙara cin naman. Abin da ya fi wankin muhimmanci shi ne a raba ciwon da abin da ya kawo shi, a naɗe igiyar ƙirji da tsumman auduga mai laushi, a cire waya da buhun leda, a gyara akumari ya zauna daidai, a daidaita kaya kar nauyin ya faɗa gaba. In ba a yi haka ba ko shekara za ka yi kana wanki banza ne. A ba shi ruwa kafin a ɗora kaya da bayan an sauke, jaki mai aiki cikin zafin nan yana iya shan lita 20 a yini, a tsayar da shi a inuwa in ana jiran layi, a ɗaga kofato a cire tsakuwa ko ƙusa. Ciwo mai zurfi, ko mai tsutsa, ko jakin da jikinsa ya sandare ba ya iya buɗe baki, wannan ba naka ba ne, tetanos na kashe jaki, a kai shi ga likita. Kuma dan Allah kar ka sayi allura a kasuwa ka ce za ka yi da kanka.

In mai jaki ya ce ba shi da lokaci, ka tuna masa kuɗin jaki yau. Tun da aka fara sayen fatarsu ana kaiwa Sin ana yin wani magani da ita, jaki ya yi tsada har gwamnatin Nijar ta hana fitar da su a 2016, kuma a watan Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta amince a hana yanka su dan fata a nahiyar baki ɗaya. Ga annobar murar da ta kashe su da yawa a 2019. Wanda nasa ya mutu yau ba lalle ya iya sayen wani ba, kuma sun fi ka sanin haka, shi ya sa in ka zo musu ta nan suna saurara.

Wani aikin kuma da za ka iya jawo abokan naka masu dariya ciki shi ne tsintar leda. Ka tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa cikin tumbin akuyar gari, leda ce dunƙule guda, dabba na ci tana ramewa har ta mutu. Tun 2014 akwai dokar hana ledar nan amma kai ma ka ga yadda take rataye a kan ƙaya. Kangon naku kuwa ka share shi, ka kafa rumfa da kwatarnin ruwa, in an samu jaki guda da ke buƙatar hutun sati biyu, da yardar mai shi da sanin likita, ya kwana nan. Guda ɗaya, in ya warke ya koma gida.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ɗana mai shekara 11 yana da son dabbobi, kullum sai ya kwashi ƙanzo ya kai wa karnukan bayan layinmu. Shekaranjiya ɗaya ya kafce shi da haƙori a hannu, ciwon kaɗan ne ko jini sosai bai yi ba, kakarsa ta sa masa toka. Sai na kai shi likita ko ya isa? Kuma babansa na cewa ya kwaso mana najasa. Daga wata uwa a Birni.

AMSA: Hajiya, wannan saƙon ban jira fitowar mujalla ba, ranar da ya iso na amsa miki cewa ki kai shi a ranar, ina maimaitawa nan ne dan sauran iyaye. Ciwon haukan kare ba ya duba girman ciwo, ƙwayar cutar cikin yawun karen take, ɗan kafcin da ya fasa fata ya isa. Abu na farko, a wanke wurin da ruwa da sabulu ana kwarara ruwan har minti 15, a duba agogo dan minti 15 na da tsawo, ba toka ba barkono ba ɗauri. Daga nan sai likita, a faɗa musu kare ne, su za su fara allurar rigakafi, kuma ba guda ɗaya ba ce, akwai ranakun da za su rubuta, kar a tsallake ko ɗaya ko da ciwon ya warke. Na san kuɗinta na da nauyi, amma a ci bashi a yi, sabida cutar na iya kwanciya wata biyu ko uku, wani lokacin har shekara, yaro na wasansa lafiya lau, ranar da alama ta fito kuwa, tsoron ruwa da firgita da dalalar yawu, kusan ba wanda ke tashi. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta mutum kusan dubu 59 ke mutuwa da ita duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, dan su ke wasa da kare kuma su ke ɓoye cizo dan tsoron duka. Shi ya sa nake roƙon ki kar a dake shi, in aka dake shi gobe ba zai faɗa ba.

Karen kuma kar a sa yara su jefe shi, a sanar da elbaj, in ana iya tsare shi za su sa masa ido kwana 10 zuwa 15 su ga halinsa, amma ba a jiran wannan kafin a fara wa yaro allura. Masu karnukan gadi da na farauta su kai nasu rigakafi, masana sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri, cutar na yankewa.

Maganar najasa, a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kwanon da ya sa baki ne ake wankewa sau bakwai, Alhaji na iya tambayar limamin unguwa ya ƙara masa bayani. Yaron kar a kashe masa zuciya, a koya masa ya ajiye abincin ya ja baya, kar ya miƙa da hannu, kar ya taɓa kare mai ci ko mai barci ko karya mai shayarwa.

TAMBAYA: Kawu na tsinci ƴaƴan kyanwa huɗu a ɗakin ajiyarmu idonsu bai buɗe ba, in ba su madarar gwangwani? Daga ƙanwarku a Zango.

AMSA: Ƴata, ki fara barin su inda suke ki ja ƙofa, ki bar ƴar kafa. Yawanci uwar na kusa, ta fita neman abinci ne ko tana kwashe su ɗaya-ɗaya zuwa wani wuri, ki ajiye mata ruwa da ɗan abinci nesa kaɗan, uwar za ki ciyar ita ta ciyar da su. In yini ya wuce ba ta dawo ba suna ta kuka jikinsu ya yi sanyi, ki sa su a kwali da tsumma, ki naɗe kwalbar ruwan ɗumi ki ajiye gefensu, dan a wannan shekarun ba sa iya ɗumama kansu kuma ba a ba mai sanyin jiki abinci. Madarar gwangwani mai sukari da nonon shanu suna sa su zawo, ki je wajen likitan dabbobi ya gaya miki abin da za ki haɗa. Duk awa biyu zuwa uku ake ba su har cikin dare, suna kwance rub da ciki ba rigingine ba, bayan kowane ci ki shafa musu ƙasan wutsiya da tsumma mai ɗumi su yi fitsari, uwar da harshe take musu haka. Kuma ko da wasa kar ki ba kyanwa farasitamol, ƙwaya guda na kashe ta.