Haɗin haidurojin yana ƙarfafa haɗin halojin ko raunana shi?

Ƙanwata, tambayarki kan wannan darasin da ya ɗaure miki kai a Jami'ar Jihar Kaduna: shin haɗin haidurojin yana taimakon haɗin halojin ne, ko kishiyarsa ce? Duka biyun suna faruwa. Haɗin haidurojin shi ne jan da ke tsakanin haidurojin mai ƙarancin ilektoron da wurin da ilektoron suka yi yawa a wata ƙwayar.

Ki dubi ƙwayar aidin da ke manne da kabon. Cajinta ba ɗaya ba ne ko'ina. Kewayen ƙugunta ilektoron sun yi yawa, amma can ƙarshenta, daura da kabon ɗin, akwai ɗan wurin da suka yi ƙaranci, ana ce masa ramin sigma. Shi ke jawo naitirojin ko oksijin na wata ƙwayar, kusan a miƙe, digiri 180. Wannan jan shi ne haɗin halojin. Cikin sinadaran da ake kira halojin, aidin ya fi ƙarfi, sai buromin, sai kulorin. Fulorin kuwa da ƙyar.

To idan haidurojin ya kama ƙugun nan, sai ya janye ilektoron, ramin ya ƙara zurfi, haɗin halojin ya ƙara riƙo. Wannan ne ya fi burge ni.

Kishin yana zuwa ne idan oksijin ɗaya suke nema. Ko a nan, kan oksijin na kabonil (wato kabon da ke manne da oksijin da haɗi biyu) a furotin, sukan zauna tare, kowanne daga kusurwarsa.