Rasit ɗin da ya cinye mini rabin kuɗin aikina

Jiya bayan isha'i saƙonka ya shigo: "Maigida, don me ka dawo mini da aikina? Ƙofa ɗaya na yi a sabar, tana nuna wa mutum odarsa, nan take kuma ta rubuta cewa ya amince. Ka ce in raba ta biyu. Ai guda ɗaya ta fi sauƙi." Da ba zan amsa ba, don sau biyu ina yi maka bayanin nan a shago, idonka na kan waya. Amma maganar nan taka ta "ta fi sauƙi" ita ta hana ni barci. Da ita wani Alhaji ya ɗaure ni shekarun baya, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Dillalin albasa ne babba. Yana saye wurin manoman Goronyo da Wurno, ya loda tirela zuwa Kudu, kuma mafi yawan kayan bashi yake bayarwa. Littattafai uku yaransa ke riƙewa, kowanne da nasa lissafi daban. Ya ce in gina masa manhajar da za ta riƙe masa wa ya ɗauki buhu nawa, wa ya biya, wa ake bi. Munka yi ciniki, rabi yanzu, rabi in aiki ya kammala. Ba mu rubuta komai ba, don a lokacin ina ganin mutum mai irin wannan girma ba a miƙa masa takarda a ce ya sa hannu. Wata uku na yi a kai, cikin zafin Afrilun Sakkwato, ba wuta, man janareta daga aljihuna.

Yadda na tsara tun farko, ƙofa biyu ce a sabar, wato adireshi biyu da waya ke aika buƙata ga kwamfutar da ke riƙe bayanan. Ɗaya tana nuna rasit, ba ta taɓa komai. Ɗayar ita ke rubuta cewa an biya, kuma sai akawu ya shiga da sunansa ya danna maɓalli. Ranar da na kai gwaji, Alhaji ya ce wahala ta yi yawa. Shi abin da yake so, in kuɗi sunka shigo hannu, akawu ya buɗe linki ɗaya kawai, rasit ya fito, bashi ya goge kansa. Na ce masa ba a haka. Ya ce ai wannan ta fi sauƙi, kuma shi ke biya. Na bi shi, kuma nan ne laifina yake, ba na ɓoye shi. Layi huɗu na ƙara a cikin ƙofar nuna rasit, ta koma mai nunawa kuma mai rubutawa.

Abin da ban hango ba shi ne akawun zai ga linkin ya yi kyau, da sunan mutum da yawan buhu da kuɗi, ya fara tura wa waɗanda ake bi ta WhatsApp don tunatarwa. Ka san in ka liƙa linki a WhatsApp, kafin ma ka tura, manhajar tana zuwa da kanta ta leƙa shafin don ta fito da ɗan bayanin nan da ke bayyana a saman saƙo. Ita sabar ba ta san leƙe ba ne. An ƙwanƙwasa ƙofa, ta yi abin da na koya mata, ta goge bashi. Mutum yana Legas, ya buɗe saƙo ya ga an rubuta "an biya", shi kuwa ko kwabo bai bayar ba. Mutum biyu masu tsoron Allah sunka kira sunka ce akwai kuskure, anka ɗauka su ne ba su gane ba. Sauran sunka yi gum.

Mako shida ana haka. Sai da lokacin sallamar manoma ya zo, manhaja ta ce kuɗi sun shigo, asusu ya ce babu. Akawun anka fara kamawa, yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana kuka yana rantsuwa, saura ƙiris a kai shi wurin 'yan sanda. Kwana biyu na yi ina bin rajistar sabar layi-layi har na ga abin: duk bashin da ya goge, a daidai mintin da anka tura saƙon ya goge, kuma sunan WhatsApp ne a jikin buƙatar. Na dawo da kowane bashi wurinsa, na buga jerin sunaye na kai masa har gida. Da jerin nan ya karɓo mafi yawan kuɗinsa. Da na tambayi cikon nawa, sai ya ce in gode wa Allah bai ce in biya shi ba. Bai tsaya nan ba, ya riƙa faɗa a majalisa cewa na'urata ta ci masa dukiya, har ayyuka biyu da nake sa rai sunka kuɓuce. Kuma har yau da wannan manhajar yake aiki, wadda na gyara masa kyauta.

To yanzu sai ka saurara. Duk abin da ya zo wurin sabar, ɗayan biyu ne: ko tambaya ko umarni. Tambaya tana karanta bayani ta dawo da shi, ta bar rumbun bayanai yadda ta same shi. Umarni yana canza wani abu. A kasuwar albasa in ka ce "buhu nawa ya rage?", ko sau goma ka tambaya ba wanda zai ɗora maka buhu a mota. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Wani Bafaranshe, Bertrand Meyer, wanda ya ƙirƙiro harshen rubuta manhaja mai suna Eiffel, ya shimfiɗa ƙa'idar a littafinsa na 1988, cewa yin tambaya bai kamata ya canza amsa ba. Dokar HTTP, wadda burauza da sabar ke magana da ita, ma haka take: GET, buƙatar da buɗe linki ke aikawa, na karatu ne, kuma a kan wannan alkawari burauza da injin bincike da manhajojin saƙo suke buɗe linki ba tare da neman izinin kowa ba. Ko a Amurka an sha wannan. A 2005 Google ta fito da Web Accelerator, mai riga mutum buɗe linkunan shafi don a samu sauri, sai ga shi tana buɗe har linkin "goge" a shafukan da sunka sa gogewa a bayan GET, bayanan mutane na ɓacewa.

Yadda ake haɗa rumbu da sabar, da tantance mai shiga, ba zan ɓata bakina a kansu ba. In ba ka iya ba bayan wata bakwai a wurina, matsalar ba tawa ba ce.

Abin da nake so a wurin umarni shi ne wannan. Ya bi ta POST, buƙatar da ake aika bayani da ita don a canza wani abu. Ka sa masa sunan abin da mai kasuwa ke nufi, "karɓi biya", "fitar da buhu", "amince da oda", kada ka kawo mini ƙofa ɗaya mai suna "gyara" da ke iya taɓa kowane gurbi. Ya duba ko mai bayar da shi yana da iko, ya yi aikin gaba ɗaya ko ya fasa gaba ɗaya, ya rubuta wa ya yi da kuma yaushe. Irin rajistar nan ce ta hana a kai akawun can wurin 'yan sanda. Amsarsa kuma gajera ce: an yi, ga lamba, ko ba a yi ba, ga dalili. Sannan kowane umarni ya zo da lambarsa ta daban daga waya. Ka san yadda sabis yake a hanyar Illela. Yaro zai danna, abu ya yi ta juyawa, ya sake dannawa sau uku. In sabar ta ga lambar da ta riga ta gani, sai ta maimaita amsar farko, kada ta cire kuɗi sau uku.

Na san kuma inda za ka faɗa daga nan, don na san halin yaran yanzu. Za ka kwana kana kallon bidiyo, gobe ka zo kana ce mini CQRS, tsarin raba ɓangaren umarni da na tambaya, sai mun yi rumbu biyu, ɗaya na rubutu ɗaya na karatu, da layin saƙonni a tsakaninsu. Greg Young, wani mai gina manhaja, shi ya yaɗa sunan nan wajen 2010, kuma abin yana da wurinsa, inda masu karatu sunka ninka masu rubutu nesa ba kusa ba. Amma Martin Fowler, sanannen marubuci kan tsarin manhaja, tun 2011 ya yi gargaɗin cewa ga mafi yawan ayyuka ƙarin rikici ne mai haɗari. Da zarar ka raba rumbu, na karatu zai riƙa zuwa a makare, ko da daƙiƙa biyu ne. A cikin daƙiƙa biyun nan allo zai nuna saura buhu hamsin alhali an sayar, kuma kai za a kira. Ku burinku a ga kun yi abin da manyan kamfanoni ke yi, ku kwafo daga ChatGPT ku liƙa, ba ku taɓa zama gaban ɗan kasuwar da kuɗinsa sunka ɓace ba.

Aikin da ke hannunka na mai shagon kayan masarufi ne, masu amfani da shi ba su kai talatin ba. PostgreSQL ɗaya, wato rumbun bayanai guda, ta ishe shi har ta yi yawa. Rabuwar da nake nufi a cikin rubutunka take: fayil ɗin tambayoyi daban, na umarni daban, kuma ƙofar tambaya ka haɗa ta da rumbu da sunan da ba shi da izinin rubutu sam, yadda ko wani ya matsa maka ka ƙara layi huɗu, rumbun da kansa zai ƙi.

Gobe ka zo ƙarfe takwas, ba tara ba. Ka raba ƙofar nan, sannan a gabana ka liƙa linkin odar a WhatsApp ka tura mini sau biyar, mu buɗe rumbu tare mu ga ko wani abu ya motsa.