Ga mai son zuwa Girka karatun mutum-mutumin tagulla

Ƙanena, ka ce ka gama digiri a fannin sassaƙa, kana son zuwa Girka ka yi karatu kan mutum-mutumin tagulla na Girkawan dā, kana tambaya ko Turanci zai ishe ka da abin da za ka fara shiryawa.

Tun kana gida ka tsai da shawara: tarihin kayan kake so, ko gyaransu? In tarihi ne, Jami'ar Atina tana da kwasa-kwasan ilimin kayan tarihi da Turanci, amma ana biyan kuɗi. In gyara da adanawa ne, sashen yana Jami'ar West Attica, kuma da Girkanci ake digirin farko. Makarantun gyara na gwamnati a Rum da Florence kuwa shekara 5 ne, da Italiyanci, kuma sai an ci jarrabawar aikin hannu. Biza nau'in D, ta dogon zama, za ka nema, bayan takardar karɓa ta zo hannunka.

Kada ka zo da zaton za ka tarar da mutum-mutumin tagullar jibge. Yawancinsu an narkar tun zamanin dā, an ƙera makamai da sulalla da su, abin da ya fi yawa yau kwafi ne na marmara da Rumawa suka yi. Waɗanda suka tsira, teku ce ko ƙasa ta ɓoye su. Na Artemision, wani rashi a gaɓar Girka, mai tsawon mita 2.09, an gama tsamo shi daga teku a 1928, yana babban gidan tarihi na Atina. Mahayin keken doki na Delphi an tono shi a 1896. Jarumai biyu na Riace, wani gari a kudancin Italiya, da aka gano a teku a 1972, suna Reggio Calabria ta Italiya.

Abin da ya fi cancanta ka laƙanta shi ne zubin. Ana ɗaukar samfuri a yi masa ma'auni, wato ɓawon da zai ɗauki siffarsa, na yumɓu gunduwa-gunduwa, a shafe cikinsa da kakin zuma, sannan a cika tsakiya da yumɓu. A cire ma'aunin, a gyara kakin, a kafa masa hanyoyin zuba ƙarfe da na fitar iska, a soka ƙusoshi har cikin yumɓun tsakiya, a sake lulluɓewa da yumɓu. Idan aka gasa, kakin ya narke ya fita, ƙusoshin ne ke riƙe tsakiyar kada ta goce. Sai a zuba jan ƙarfe da aka haɗa da kuza wajen kashi 10 cikin 100. Kai daban, hannuwa daban, daga baya a haɗa da narkakkiyar tagulla. In yumɓun bai bushe sarai ba, tururi ya bar ramuka, shi ya sa za ka ga ƙananan faci masu kusurwa huɗu a jikinsu. Leɓɓan jaruman Riace jan ƙarfe ne zalla, haƙoran ɗayansu azurfa.

Mai gyara kuwa babban abokin gabarsa gishiri ne. Sinadarin kuloraid da ya shiga ƙarfen yakan yi kwanto, da zarar ya sami danshi da iska sai ya fito kamar gari, kore-kore mai haske, yana cin jiki daga ciki. Ana kankare shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a sa sinadarin hana tsatsa benzotriazole kashi 3 cikin 100 a ethanol, a shafa rufi mai kariya, a ajiye inda danshin iska bai kai kashi 40 ba. Koren tsatsa mai tauri da santsi ba ciwo ba ne, wanda ya goge shi ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Saboda haka ka koma wa kimiyyar sinadarai tun yanzu, nan masu digirin zane suka fi shan wuya.

Kafin ka taso, ka je titin Igun a birnin Benin na Nijeriya ka zauna da masu zubi. Da kakin zuma suke aiki har yau, ko da yake hanyarsu ba ta yi daidai da ta Girkawa a komai ba. Ka zuba ƙaramin abu da hannunka, ka ɗauki hoton kowane mataki, ka haɗa da takardun neman gurbi.