Tambaya da Amsa: Mai Busar Saksofon na Ƙasar Norway

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina koyon busa saksofon a ƙungiyar badujala ta makarantarmu. Wani abokina ya turo mini busar wani mai suna Jan Garbarek, ya ce ɗan Norway ne. Ni dai a sanina jazz kiɗan baƙar fatar Amurka ne. Yaya aka yi ya iya shi haka, kuma wa ya koya masa?
Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ba ka yi kuskure ba, a Amurka jazz ya tsiro, a wajen baƙar fata na birnin New Orleans. Shi ma Garbarek daga can ya ɗebo wutar.

An haife shi ranar 4 ga Maris, 1947, a garin Mysen na ƙasar Norway. Mahaifinsa ɗan Poland ne, tsohon fursunan yaƙin duniya na biyu, mahaifiyarsa kuma ɗiyar manomi ce 'yar Norway. Sai da ya kai shekara 7 kafin ya samu takardar zama ɗan ƙasa. A Oslo ya tashi. Yana ɗan shekara 14 ya ji busar John Coltrane, shahararren mai saksofon ɗan Amurka, a rediyo, daga nan hankalinsa bai sake kwanciya ba sai da saksofon ya shigo hannunsa. Kunnensa ne malaminsa na farko: ya saurara, ya kwaikwaya, ya sake saurara. A 1962 ya ci gasar 'yan koyo. Bayan haka George Russell, wani Ba'amurke masanin kiɗa da ya zauna a yankin Norway da maƙwabtanta, ya ɗauke shi cikin ƙungiyarsa, a nan ya ƙara gogewa.

Abin da ya sa nake girmama mutumin nan shi ne bai tsaya a kwaikwayo ba. A faifansa na farko da kamfanin ECM na Jamus, Afric Pepperbird na 1970, za ka ji zafi da hargowa irin ta 'yan Amurka na lokacin. Shekara uku bayan haka, a faifan Triptykon, sai ga shi yana busa waƙar rakiyar amarya ta ƙauyukan Norway. Tun daga nan ya rage gudu. Sai ya ja sauti guda ɗaya, siriri mai kaifi, ya riƙe shi da tsawo kamar yadda mai algaita kan yi a ƙofar fada, sannan ya yi shiru ya bar sautin ya gama yawo kafin ya kawo na gaba. Wasu masoya jazz sun ce busar ta yi sanyi da yawa. Ni ban yarda ba. Riƙe sauti ɗaya ba tare da ya girgiza ba ya fi gudu a kan maɓallai wuya, kai ma da kake koyo shaida ne.

Ya yi aiki da Keith Jarrett mai kiɗan fiyano a faifan Belonging na 1974, da mawaƙin Pakistan Ustad Fateh Ali Khan a wani faifai da ya fito a 1992. A 1994 ya fitar da Officium tare da mawaƙan coci huɗu na Ingila, Hilliard Ensemble, wanda aka naɗa a gidan ibada na St. Gerold a Ostiriya. An sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya.

Tunda ka tambayi batun malami, ko da yake ba shi ya koya wa Garbarek ba, ka riƙe sunan John Pål Inderberg, haifaffen garin Steinkjer na Norway a 1950, mai busa babban saksofon ɗin nan mai kaurin murya. Ya daɗe yana koyarwa a sashen jazz na makarantar kiɗa ta birnin Trondheim a Norway, wanda aka buɗe a 1979. Tsarinsu a can shi ne ɗalibi ya fara rera abin da ya ji da bakinsa har ya zauna masa a ka, sannan ya ɗauki abin busa. Takarda daga baya take zuwa.

Don haka ka zaɓi gajeriyar busa ɗaya daga Belonging, ka yi mako kana rera ta da baki kafin ka gwada ta a saksofon. In ta zauna, ka je wajen kakarka ta rera maka waƙar daka ko ta reno, ita ma ka yi mata hakan, ka rubuto mana yadda ta kaya.