Amsa ga ɗana kan itacen tsakar gida

Ɗana, na ga saƙonka, inda kake tambaya ko gaskiya ne abin da kakarka ta faɗa maka cewa ba a dasa tsamiya ko kuka a cikin gida, yanzu da ka kammala gininka a Mabera kana neman itacen inuwa.

Haka muka taso muka iske ana faɗa, wai itatuwan nan biyu mazaunin iskoki ne. Ni ban riƙe wannan magana ba, amma kada ka yi wa tsohuwa gardama, domin ko an ajiye batun iskoki gefe, hanin yana da dalilinsa. Tsamiya tana shekaru kafin ta yi inuwar kirki, idan kuma ta girma sai ta cinye tsakar gida, ita kuwa kuka takan zubar da ganyenta da rani, daidai lokacin da ake neman wurin fakewa. Durumi da cediya ma muhallinsu ƙofar gida ne, inda dattawa ke shimfiɗa tabarma, saboda saiwoyinsu suna fasa katanga, suna bin danshi har cikin shadda.

Idan inuwa kake so, dogon yaro ya fi dacewa da Sakkwato. Asalinsa daga Indiya yake, amma yana jure zafinmu na watan Afrilu da ke haura digiri 40, sai dai ka nisanta shi da bango kamar taku goma. Mangwaro mai aure yana saurin haihuwa, amma kada ka ɗauko shi sai kana da rijiya.

Ka jira damina ta zauna, wajen watan Yuli, ka haƙa rami mai zurfin kamu guda, ka cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki da ɗan toka, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma janyo gara. Da yamma ake dashe, bayan an yanke ledar da ɗan itacen ya zo a ciki a hankali ba tare da ƙasar ta warwatse ba, sannan a kewaye shi da bulo ko ƙaya saboda awaki.

Ranin farko shi ne mai wuya. Kakanka a gindin dashensa yake ajiye buta, duk alwalar da zai yi a nan yake yinta, kuma da ruwan nan itacen da ke tsohon gidanmu ya kai damina ta biyu.