Amsar Gwaggo kan sadaki da lefe

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka tambaya tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Ka ce a majalisarku wani ya bugi ƙirji cewa tunda ya biya sadaki, ya jera akwati 12, matar ta zama kayansa, kana son sanin ko haka al'adarmu take. Ba haka take ba, addini ma bai ce haka ba.

Dubi sadakin kansa. Waliyyi ne ke karɓa a wurin ɗaurin aure, amma haƙƙin yarinya ne, ko ubanta ba ya taɓa sisi sai da yardarta. A wace kasuwa ka taɓa ganin an sayi abu, aka danƙa wa abin da aka saya kuɗin? Malamanmu na Malikiyya sun ce mafi ƙarancinsa rubu'in dinari, kuma ba wanda zai ce wannan ne kuɗin ɗiyar mutane. Lefe kuwa kyauta ce ta al'ada, aure yana ɗauruwa ko babu shi.

Sai dai ba zan ɗora wa samari laifin duka ba, mu mata muna da namu kason. Bara na je karɓar lefe a wani gida nan cikin gari. Aka baje tabarma, aka buɗe akwatuna, ana ɗaga atamfa da leshi ɗaya bayan ɗaya ana ƙidaya, ana shafa yadi a ji ko mai tsada ne. Wata daga dangin ango ta ce a fito da amarya su gani, wai an ce musu ba fara ba ce. Yarinyar nan ta sauke Alƙur'ani, tana karatun ungozoma, ita ta yi jinyar kakarta shekara biyu har Allah Ya karɓi abinSa. Ba wadda ta tambayi ko ɗaya cikin waɗannan. Tana bayan labule tana ji. Da na koma bayan sati uku, sai ga kwalbar man bilicin a kan madubinta, gaɓoɓin yatsunta sun yi baƙi, kumatu sun yi ja. Har yau ina jin ciwon shirun da na yi a ranar, don ina da shekarun da zan tsawata.

Kai ɗan Sakkwato ne, bai kamata wani ya ruɗe ka da sunan al'ada ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa, a cikin Nurul Albab, ya yi kaca-kaca da malaman da ke barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci, suna ɗaukarsu kamar kayan aikin gida, a yi ta amfani da su har su fashe a jefar a juji. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ta kafa 'Yan Taru: ta zaɓi dattijai mata ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa, su riƙa kawo matan ƙauye suna koyon karatu ta hanyar waƙoƙi, su koma su koyar da wasu. Matar Waziri Giɗaɗo ce, ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana jin shawararta. Kabarinta na nan Hubbare kusa da na mahaifinta, ka sha wucewa ta wurin.

Ban ce kada ka so kyau ba, ido ma yana da haƙƙinsa, kuma shari'a ta ba ka damar ganin wadda za ka aura. Amma in ka je zance jibi, tambaye ta abin da take karantawa da abin da take son yi bayan aure, ka yi shiru ka ji amsa har ƙarshe. Ka tabbatar daga bakinta cewa tana so, ba wai an ce tana so ba. Ranar kai lefenka ni zan jagoranci mata, kuma na riga na gaya wa babarka ba wadda za ta ce a fito da yarinya a duba launinta. Ka biyo ta gida Juma'a bayan masallaci mu tsayar da rana.