Tsakanin ɗan jarida da malami, wa ya fi ganin kansa a kan daidai?

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena da ya tambaya wai tsakanin 'yan jarida da malamai wa ya fi tsarkake kansa yana ganin laifin kowa ban da nasa, na ga amsoshi sun rabu biyu, kowa na kare ɓangarensa. Ni na daɗe ina aikin haɗa sauti a wani gidan radiyo mai zaman kansa nan Yamai, mikoro ɗaya ne ɗan jarida ke sha da safe malami ya sha bayan la'asar, to abin da ido ya gani zan faɗa.

Ciwon dukansu suna da shi, wannan ba gardama. Bambancin shi ne na malami a fili yake, ka ji shi ka san wa'azi ake maka, shi ko ɗan jarida wa'azin yake amma sai ya ce maka a'a mu rahoto kawai muke kawowa, ba mu da ɓangare. Walle akwai ɓangare. Na sha ganin shirin muhawara da tun kafin a kunna jar fitila mai gabatarwa ya riga ya yanke wa ke da gaskiya, baƙo ɗaya a bar shi ya yi ta zuba, ɗayan da ya buɗe baki a ce lokaci ya ƙure. Kuma wanda ya gama caccakar ma'aikata kan cin hanci, da yamma za ka gan shi bakin zauren taro yana jiran ambulan ɗin kuɗin mota, in ba a ba shi jika biyar ɗin nan ba labarin taron ba zai fita ba. Na san albashi ba ya isa, wasu ma wata da watanni ba a biya su, ban ga laifin mai neman na cefane ba, abin da ke ba ni haushi shi ne muryar waliyyin da yake sawa gobe da safe.

Manyan na waje ma haka. A 2003 jaridun Amurka sun yi ta buga cewa Iraƙi na da makaman ƙare dangi, aka shiga yaƙi, ba a samu makaman ba, sai a 2004 New York Times ta fito ta ce aikinta bai yi kyau ba, lokacin gari ya riga ya ƙone. Mu ma mun ɗanɗana a Janairun 2015 da rikicin Charlie Hebdo, jaridar nan ta Faransa da ta buga zanen Annabi, Zinder ta kama ran Juma'a, Yamai washegari, mutum goma suka mutu aka ƙona coci-coci da yawa. Abin kunya ne, ba mai kare shi. Amma malaman da suka fito a tele suna cewa a tsaya, wannan ba Musulunci ba ne, nawa aka ba su wuri a labaran waje? Hoton hayaƙi ya fi saida kansa.

To kada 'yan jaridar da ke cikinmu su ce na zo yi wa malamai kamfen. Na malami in ya tashi ya fi haɗari, don shi in ka ja da shi ba ya cewa ka ja da ni, cewa yake ka ja da Allah da Manzonsa, daga nan kuma ina za ka? Ɗan jarida ko ya ɓata maka suna doka ta ba ka damar maida martani, kana iya kai shi kotu. Wanda aka kira ɗan bidi'a ko ɗan wuta a kan mumbari fa, wa zai kai wa ƙara? Tun da Izala ta taso daga Jos a 1978 ta shigo mana ta Maraɗi da Ƙonni, raddi tsakaninta da 'yan ɗariƙa bai tsaya ba, da a kaset ne yanzu a WhatsApp, har akwai gidajen da wa da ƙane ba sa bin juna salla. Akwai masu sayen lokaci a radiyo, wani Alhaji ɗan kasuwa ke biya, rabin sa'ar ta ƙare kan wani malamin ba a karantar da ko alwala ba. Kuma ku lura, hannun da ke biya ba a taɓa jin laifinsa a wa'azin.

Sai dai malami yana da abin da za ka kama shi da shi daga cikin karatunsa. Suratun Najmi ta ce kada ku tsarkake kanku. Imamu Malik da muke bin mazhabarsa an san shi da yawan cewa ban sani ba. Akwai wani dattijon malami da ke zuwa wurinmu, wata rana ya amsa tambayar rabon gado kai tsaye, sati na zagayowa ya shigo da littafinsa a hammata ya ce min ɗana, kafin komai zan gyara maganar wancan makon, kason da na ba 'yar ba daidai ba ne, kuma a farkon shiri nake so ba a ƙarshe ba. Ya maimaita har ya tabbata an ji, ya roƙi duk wanda ya san mai tambayar ya isar mata. A ɗakin labarai kuwa in an yi kuskure, ko dai a yi shiru ya bi ruwa, ko a karanta gyaran da sauri a tsakanin sanarwar rasuwa da tallar shinkafa.

Irin dattijon nan ba su da yawa, matasan da suka samu mabiya a Facebook da TikTok ban cika jin wallahu a'alamu a bakinsu ba. Kuma 'yan jarida na ƙwarai suna nan, wasu sun kwana a gidan kaso kan aikinsu, balle yanzu da aka dakatar da RFI da France 24 tun Agustan 2023 kowa na auna kalmarsa kafin ya furta. Don haka ƙanena in ka matsa sai na zaɓa, zan ce ɗan jarida ya fi yawan yi, malami ya fi yin ɓarna in ya yi. Ni dai yanzu duk wanda nake saurare a cikinsu abu ɗaya nake jira, ranar da zai ce jiya na faɗi ba daidai ba, da kuma a wane minti na shirin zai faɗe ta.